Takarda Biyu a Ƙarƙashin Faifai

Takarda biyu Inna ta danne da faifai
kada iskar tsakar gida ta riga mu zaɓe.
Kowace da sunan Murja a jiki,
ɗaya daidai, ɗaya an cinye mata wasali.

Ta farko ta nan Rafindaɗi ce.
In suka buga ƙararrawa, tattabarun soronmu ke tashi.
Can na yi aji uku kafin Baba ya kwanta.
Na san tagar da ba ta da marfi,
na san bencin da ke ɗaukar mutum shida
in kowa ya rage numfashi.
Na san Malam Dikko, mai kiran yaro da sunan kakansa,
ka yi fashin kwana biyu ka tarar da takalminsa a zaure.
Alli kan ƙare a makarantar nan.
Shi bai taɓa ƙarewa ba.

Ta biyu can take gaba da Ƙofar Ƙaura,
inda gidaje ke fara ba gonaki hanya.
Ita ma ta gwamnati, amma wai wata iri:
safiya biro, bayan azahar sukundireba,
'yan mata da hijabi suna haɗa wayar sola.
Ba a biyan ko sisi, in ji takarda.
Takarda ba ta shan fetur.

Ni ke tuƙa napep, ni na san farashin nisa.
Na lissafa a bayan kwalin ashana:
zuwa da dawowa, sau biyu a yini,
fasinjan kasuwa na sassafe sun tafi ke nan,
ga mai keke yana jiran balas ɗinsa kowace magariba
ko an yi ruwa ko an yi rana.

Inna ta ce, "Mi ya yi zahi?
Ga makaranta ina jiyo tarin ɗiyata daga ɗaki.
Wa zai karanta mani maganin hawan jini
in ta tahi can bakin duniya?"
Kawu Lurwanu ya ce wuta ba aikin mace ba ne.
Ya faɗa yana riƙe da rediyon
da Murja ta tayar masa daga mutuwa ranar Talata
da tsinken tsintsiya da dalmar aro.
Ba wanda ya tuna masa. Shekaru ke da baki.

Kwana huɗu muna ta yanka muna ɗinkewa
kafin na lura ba mu tambayi mai sunan ba.

Na same ta bayan murhu
ta barbaje cikin tocila a kan zaninta.
Na ce, ke fa?
Ba ta ɗago ba.
"Tun aji ɗaya benci guda muke da Hanne.
Ita ba ta samu ta biyun ba."
Ta hura ƙura daga ƙaramin ƙarfe.
"Amma Yaya, ni ban san me ya sa take kamawa ba.
Gyarawa kawai nake.
Ina so in san dalili."
Sai tocilar ta kama, a tsakar rana,
haske marar amfani, ya faɗa kan ƙafata.

Ban yi barci ba. Na sake lissafi,
lissafi ya sake ba ni amsar jiya.

Litinin, ƙarfe shida da rabi,
na goge kujerar baya kamar zan ɗauko baƙo.
Mun wuce ƙofar Malam Dikko yana shara,
ya ɗaga tsintsiya: "Jikar Tanimu! A dawo a gyara mana ƙararrawa!"
Hanne na tsaye a lungu da jakarta.
Murja ta juya tana kallonta har kwana ta raba su,
sannan ta daɗe ba ta ce komai ba.

Ɗayar takardar Inna ba ta yar ba.
Ta linke ta huɗu, ta sa a ƙasan kwalla
tare da katin asibiti.
"Zango guda," ta ce. "Mu ga abin da fetur zai ce."